Me ke manna mutum da kujera idan mota ta zabura?

Direba ya taka totur, mota ta zabura, sai ka ji bayanka ya manne da kujera, kanka ya ɗan koma baya. Bayan 'yan sakanni motar ta daidaita a kan gudunta, abin ya sake ka. A lokacin allurar da ke nuna gudu tana kan 120, ta wuce duk inda take sa'ad da kake jin dannar, amma jikinka shiru. Da a ce gudu ne ke danna mutum, da a wannan lokacin ya fi kamata ka ji shi. Jirgin sama na keta sarari a kan kilomita wajen 900 a awa, fasinja yana zuba ruwa a kofi ko ɗigo ba ya zuba. Jikin ɗan Adam ba shi da wata gaɓa da ke jin gudu. Abin da yake ji shi ne sauyin gudu: ko ya ƙaru, ko ya ragu, ko ya karkata zuwa wata alkibla.

Wannan sauyin ne masu harkar mota da jiragen sama ke aunawa da harafin g, kuma sun aro ma'aunin ne daga ƙarfin da duniya ke janyo kowane abu da shi. Duk abin da aka saki daga sama, muddin iska ba ta tare shi ba, gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan ɗaya. Galileo na ƙasar Italiya ne ya gano cewa abin da ke faɗowa ƙara gudu yake yi bisa ƙa'ida ɗaya, mai nauyi ne ko marar nauyi, ya kuma wallafa hakan a 1638 bayan ya daɗe yana gangara ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci. A 1901 babban taron ma'aunai na duniya ya tsayar da adadin a kan 9.80665. Idan aka mayar da shi lissafin allurar mota, g ɗaya na nufin ƙarin kilomita 35 a awa a kowane sakan. Motar da ke zabura da g ɗaya tana ƙara gudu ne daidai da yadda za ta ƙara da a ce daga saman dutse ta faɗo.

Lissafin ba shi da wuya. Kilomita 100 a awa daidai yake da mita 27.8 a sakan, kuma abin da ke faɗowa na kai wannan gudun cikin sakan 2.8. Saboda haka duk motar da aka gaya maka lokacin da take ɗauka daga tsaye zuwa 100, raba 2.8 da adadin sakannin, ka samu g ɗinta. Mai yin sakan 14 tana ba da g 0.2. Mai sakan 10, wanda nan ne yawancin motocin iyali suke, g 0.28. Motar ƙwalisa mai sakan 5 ba ta wuce 0.57 ba. Matsakaici ke nan. A giyar farko abin ya kan ɗara haka, daga baya ya sauka. Mutane da yawa na mamakin ƙanƙantar waɗannan lambobi, don abin da suke ji a jiki ya fi musu kama da babban al'amari.

To me ke danna mutum? A gaskiya babu wani abu da ke jan ka baya. Isaac Newton ya bayyana a 1687 cewa duk abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, mai tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe, sai wani ƙarfi ya shiga tsakani. Inji ya juya taya, taya ta tura kwalta baya, kwalta ta tura mota gaba. Kujera a ɗaure take da jikin motar, don haka ta tafi tare da ita. Kai kuwa ba a ɗaure kake da komai ba, jikinka yana nan inda yake, sai kujerar ta cim maka daga baya ta ingiza ka. Sosonta ya lotsa har ya tara ƙarfin da zai isa ya ɗauke ka a kan gudun motar. Wanda ke tsaye a bakin hanya ba zai taɓa ganin ka koma baya ba, abin da zai gani shi ne mota ta yi gaba kai kuma ka ɗan makara. Girman turin ya danganta ga nauyinka: mai kilo 70 a g 0.3 yana samun turin da ya kai nauyin kilo 21 a shimfiɗe a bayansa. Kanka kuma, da yake yawanci bai jingina da komai ba, wuya ne ke ɗawainiyar jawo shi, shi ya sa ya kan fi sauran jiki makara.

Amma duk da wannan bayani, wanda ya rantse cewa nauyi ya ji bai yi ƙarya ba, kuma a nan ne batun ya fi ƙayatar da ni. A 1907 Albert Einstein, yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, ya lura da wani abu da kowa ke gani amma ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci: mutumin da ke faɗowa daga sama ba ya jin nauyin jikinsa. Daga nan ya kai ga cewa idan aka rufe mutum a ƙaramin ɗaki marar taga, babu gwajin da zai yi a ciki da zai bambance masa ko ɗakin a ƙasa yake ajiye, ko kuwa roka ce ke tura shi a sararin samaniya da g ɗaya. Wannan tunani ne ya zama harsashin nazarinsa na 1915 a kan janyowar ƙasa. Ma'anarsa a gare mu ita ce, abin da muke kira jin nauyi ma turi ne. Kana zaune yanzu, duniya na janyo ka, amma ba janyowar kake ji ba, kujerar da ta hana ka faɗawa kake ji. 'Yan sama jannati a tashar sararin samaniya, wadda ke nisan kilomita wajen 400 daga doron ƙasa, suna cikin kusan kashi 90 cikin ɗari na janyowar da muke ciki, amma suna shawagi, saboda su da tashar tare suke faɗowa, babu abin da ke tokare su. Wayar hannunka ma shaida ce: 'yar na'urar da ke juya mata fuska idan ka kwantar da ita tana nuna g ɗaya idan wayar na ajiye a kan tebur, ta koma sifili a ɗan lokacin da wayar ke cikin iska idan ta suɓuce.

Idan mota na zabura, turi biyu ke aiki a jikinka lokaci guda. Kujera na tura ka sama kamar kullum, majinginar baya kuma na tura ka gaba. Jiki ba ya jin su a rarrabe, haɗa su yake yi wuri guda, sai ya ji kamar ƙasa ta karkace. A g 0.3 karkatar ta kai digiri 17, jimlar nauyin kuwa ƙaruwarta kaɗan ce, g 1.04. A g ɗaya cif, karkatar ta kai digiri 45, jimla kuma g 1.41. Ke nan mafi yawan abin da fasinjan ƙaramar mota ke ji ba ƙarin nauyi ba ne, juyawar alkiblar nauyin ne. Ajiye gorar ruwa da ke rabi a cikin mota ka dube ta lokacin tashi: ruwan zai taru a baya, samansa ya kwanta daidai da wannan kusurwar. Balan-balan mai iskar hiliyam kuwa, idan an rufe gilasai, gaba yake yi lokacin da kowa ke komawa baya. Iskar cikin motar ta fi shi nauyi, ita ce ke taruwa a baya ta tunkuɗo shi, kamar dai yadda take tunkuɗa shi sama a kowace rana.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan jakunkuna biyu, a cikinsu akwai 'yan mitsi-mitsin tsakuwoyi na sinadarin kalshiyam zaune a kan wani abu mai yauƙi, ƙarƙashinsa kuma gashi ne masu ji. Idan ka ɗaga kai sama, tsakuwoyin su zame baya su lanƙwasa gashin. Idan mota ta zabura gaba, su makara su zame baya su lanƙwasa gashin. Saƙo iri ɗaya ke isa ƙwaƙwalwa, ido ne ke raba gardama. Inda ido ba ya gani, lamarin kan zama haɗari: matuƙin jirgin da ya tashi cikin duhu ko hazo yana iya jin kamar hancin jirgin ya ɗaga da yawa alhali gudu kawai yake ƙarawa, ya danna shi ƙasa. An yi asarar rayuka ta haka, shi ya sa ake horar da matuƙa su gaskata na'ura fiye da jikinsu. Masu ƙera na'urar koyon tuƙin jirgi kuma suka mayar da wannan rauni abin amfani. Ɗakin ba ya zuwa ko'ina, a hankali ake kwantar da shi baya yayin da hoton da ke gaban ɗalibi ke nuna titi a miƙe, ɗalibin ya ji kamar ana fizgar sa gaba.

Sai tambayar da masu son mota suka fi damuwa da ita: me ya sa ba a ƙara girman inji a samu g biyu ko uku? A nan gizo ke saƙar, don ba inji ne ke tura mota ba, hanya ce. Duk ƙarfin injin sai ya bi ta wurare huɗu da taya ke taɓa kwalta, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Riƙon da taya ke yi wa hanya yana da iyaka, kuma iyakar ta danganta ga nauyin da ke danne tayar. Tayar mota mai kyau a busasshiyar kwalta tana iya turi da ƙarfin da ya yi kusa da nauyin da ke kanta, wato wajen g ɗaya idan duk tayoyi huɗu na aiki. Ƙarfin da ya wuce nan a banza yake tafiya, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi. Motar da tayoyin gaba ne kawai ke jan ta ta fi shan wahala. Wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinta ne a gaba, kuma da ta zabura sai wani ɓangare na nauyin ya koma baya, gaban ya ɗaga, bayan ya durƙusa, daidai lokacin da tayoyin gaba suka fi buƙatar danni. Irin wannan motar da wuya ta wuce rabin g daga tsaye, kome girman injinta.

Da gudu ya ƙaru kuma, iyakar ta tashi daga taya ta koma kan inji. Ƙarfin inji rabuwa yake tsakanin turi da gudu, idan ɗaya ya hau dole ɗaya ya sauka. A ɗauki mota mai kilo 1,500 wadda ke isar da kilowat 100 ga tayoyinta, wato ƙarfin doki 134. A kan kilomita 36 a awa wannan ƙarfi ya isa g 0.68. A kan 108, g 0.23 kacal ya rage, kafin ma a cire abin da iska ke ci, ita kuwa iska idan gudu ya ninka biyu, turjiyarta ninki huɗu take yi. Dalilin da ya sa giyar farko ke manna ka da kujera, ta biyar kuwa ko alama, ke nan. Motoci masu amfani da lantarki suna da wani abu na daban: injinsu na lantarki na ba da cikakken turi tun daga tsaye, ba jiran inji ya ɗau zafi, ba sauya giya. Jiki na lura da saurin zuwan g, ba yawansa kaɗai ba, domin tsokar wuya na buƙatar ɗan lokaci kafin ta ɗaure. Rabin g da ya zo farat ɗaya ya fi girgiza mutum a kan rabin g da ya taho sannu a hankali.

Waɗanda suka tsallake katangar g ɗaya duk ta hanyar ƙara riƙo suka yi. Motocin tseren miƙaƙƙen layi da ake kira Top Fuel a Amurka suna amfani da manyan tayoyi masu laushi a kan titin da aka shafa wa wani abu mai danƙo, suna tashi da g huɗu zuwa biyar, su cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da sakan huɗu. A 2023 ɗaliban jami'o'in Zurich da Lucerne a Suwizalan suka ƙera 'yar ƙaramar motar lantarki da ta kai kilomita 100 a awa cikin sakan 0.956, a tazarar mita 12.3, kimanin g uku ke nan. Dabararsu ita ce na'urar da ke zuƙe iskar ƙarƙashin motar ta manna ta da ƙasa tun kafin ta motsa. Motocin tseren Formula 1 kuma fuka-fukai suke da su a kife, iska na danna su ƙasa gwargwadon gudunsu, shi ya sa suke kai g biyar ko fiye a birki da kwana. Kan direba da hularsa sun kai kilo shida zuwa bakwai, a irin wannan kwanar wuyansa na riƙe da abin da ya haura kilo 30.

A motar yau da kullum, g mafi girma ba a totur yake ba, a birki yake. Birki na kama duk tayoyi huɗu, kuma ba ya jiran inji. Motar da ke tsayawa daga kilomita 100 a awa cikin mita 40 tana yin kusan g ɗaya, cikin sakan uku. Motar da ta ɗauki sakan goma tana tara gudu za ta zubar da shi cikin kashi ɗaya bisa uku na lokacin. A nan nauyi gaba yake komawa, shi ya sa birkin gaba ya fi na baya girma, ya kuma fi saurin cinyewa. A ganina wannan lamba ta fi cancantar a rubuta ta da manyan baƙaƙe a tallar mota fiye da lokacin kai wa 100, domin ita ce mutum zai nema ranar da wani ya faɗo masa a gaba. Kuma ba ta tabbata: idan kwalta ta jiƙe ko taya ta suɗe, riƙon na iya sauka zuwa rabi, tazarar tsayawa ta ninka.

Kwana ma sauyin gudu ce ko da allura ba ta motsa ba, tunda alkibla ke juyawa. Jikinka na son miƙewa, mota ta karya, ƙofa ta tare ka. A kwanar da faɗin da'irarta daga tsakiya ya kai mita 50, gudun kilomita 60 a awa na neman g 0.57 daga tayoyi. A kan 80, g ɗaya cif yake nema, wato duk abin da tayar ke da shi. Riƙon kuma guda ɗaya ne, ba a ware na birki daban da na kwana daban ba. Wanda ya shiga kwana da gudun da ya cinye riƙon sannan ya taka birki yana neman abin da babu, motar ta zame.

Yawan g da jiki ke iya ɗauka ya danganta ga alkiblarsa da kuma daɗewarsa. Idan daga kai zuwa ƙafa yake dannawa, kamar yadda yake yi wa matuƙin jirgin yaƙi a juyi, jini na gangarawa ƙafafu, zuciya ta kasa tura shi sama. A g huɗu zuwa biyar wanda ba a horar ba gani ya kan dushe masa, ya suma cikin 'yan sakanni. Ƙwararru na jure tara da taimakon riga mai matse ƙafafu da ciki. A mota kuwa daga baya zuwa ƙirji turin ke bi, ba ya raba ƙwaƙwalwa da jini, shi ya sa direban Top Fuel ba ya suma. Wani likitan sojan saman Amurka, John Stapp, ya gwada iyakar a kan jikinsa. Ranar 10 ga Disamba 1954, a sansanin Holloman da ke jihar New Mexico, aka ɗaure shi a wani keke mai roka a kan layin dogo, ya kai gudun kilomita 1,017 a awa, aka tsayar da shi cikin sakan 1.4. A ƙololuwar tsayawar ya sha g 46.2. Jini ya cika masa ido har ya daina gani na ɗan lokaci, amma ya rayu ya warke. Abin da ya tabbatar shi ne jikin da aka ɗaure da kyau yana jure tsayawar da ta wuce abin da ake zato nesa ba kusa ba, ya kuma shafe shekaru bayan haka yana fafutukar a sa bel a motoci.

Karo ba komai ba ne illa birkin da aka taka cikin tazara ƙarama. Mota a kan kilomita 50 a awa ta daki bango, gabanta ya lotse rabin mita kafin ta tsaya: matsakaicin g 20 ke nan. Lotsewar da ake ganin kamar rashin ƙwari ce da gangan aka tsara ta. Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ne ya kawo tsarin, gaba da baya masu lotsewa da ɗakin fasinja mai tauri, ya shiga kasuwa a 1959, shekarar da Volvo ta fara sa bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu wanda Nils Bohlin ya ƙirƙira. Su biyun aiki ɗaya suke yi. Wanda ya ɗaura bel yana rage gudu tare da motar, ya ci moriyar wannan rabin mitar. Wanda bai ɗaura ba yana ci gaba da tafiya a kan 50 bayan motar ta riga ta tsaya, sai ya tsaya a jikin sitiyari ko gilashi cikin 'yan santimitoci. Idan santimita goma ne, g ɗin ya kusa 100. Yaro mai kilo goma a cinyar uwarsa, a g 20, yana fizgar hannunta da ƙarfin kilo 200, kuma cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan. Babu hannun da ke riƙe wannan, kome ƙarfin mai shi da ƙaunarsa.

A cikin direbobin Formula 1, Romain Grosjean ya fita da ƙafarsa daga karon g 67 a tseren Baharain na 2020, Max Verstappen kuma daga na g 51 a Silverstone a 2021. Bel mai madauri shida ne ya riƙe su, da na'urar da ke ɗaure hula da kafaɗa don kada kai ya fizgi wuya, wadda ta zama dole a Formula 1 tun 2003, ga shi kuma ƙololuwar bugun ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Motar gida ba ta da waɗannan, kuma lissafinta ba a miƙe yake hawa ba: idan gudu ya ninka biyu, g ninki huɗu yake yi a tazara iri ɗaya. Rabin mitar da ta ba da g 20 a kan kilomita 50 a awa, a kan 100 kusan g 80 za ta bayar.